Yatsun Baba Maidu

Unguwar Hindawiyya ce zangona na farko a Jidda, kuma a nan aka fara koya mini hankali. Na sauka da bizar Umara a farkon shekarun tamanin, ina da shekara ashirin da shida, da jaka ɗaya da alkawari ɗaya. Innata ta shekara bakwai a kwance, ƙafafu sun shanye, kuma ba ta da wata magana da ta wuce Arfa. Na riƙe hannunta na ce zan je in tsaya mata. Abin da ya fito da ni ke nan daga ƙauyenmu na gefen Malumfashi, ni da ko Kaduna sau biyu kawai na taɓa zuwa.

A kwana na uku wani mutum ya tare ni a bakin masallaci. Bahaushe ne ɗan'uwana, da farar jallabiya da dogon carbi, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ya ce shi aikinsa ke nan, taimakon baƙin Allah. In ba shi fasfo, cikin sati biyu zai kawo mini iƙama, wato takardar zama, da kafili, ubangidan da zai tsaya mini, mai tsoron Allah. Na miƙa masa da hannu biyu har da rusunawa, wai ni na yi sa'a. Tun daga ranar ban sake ganin ƙeyarsa ba. Ina yi masa addu'a har yau, amma ba zan faɗi irinta a nan ba.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba na kai wa wani malami ɗan Chadi da ke karantarwa a unguwar maganar Inna. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka yi naka?"

Na ce, "A'a, Malam."

Ya ce, "To sai ka sauke naka tukuna. Bana naka, baɗi nata."

Na fito ina lissafi. Ma'anar maganar ita ce sai na yi kusan shekara ɗaya da rabi ina ɓuya a garin da ba ni da ko guntuwar takarda. In 'yan jawazat, masu kama marasa takardu, suka damƙe ni kafin Arfa ta biyu, halas, shi ke nan, sai gida, kuma ba ni da halin sake dawowa. Tun daga lokacin na koma mutum mai lissafin watanni.

Zango na biyu dako ne a kasuwar Bab Makka. Na ɗauki buhunan shinkafa da katan-katan na dabino har gashin tsakiyar kaina ya zube. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, ɗanye ne, yana manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da an ce "ga su nan!" sai ka ga ƙarti sun watsar da kaya sun bi lunguna, ni ma ban taɓa bari an riga ni ba. Akwai wata tsohuwa haihuwar Jidda, jikar alhazan da suka zo da ƙafa, tana sayar da kunu a bakin wani lungu. Ita ce ta taɓa tura ni bayan tukwanenta ta rufe ni da buhu, ta ci gaba da zuba kununta tana yi wa askarawan tsiya da Larabci. Da suka wuce ta ce, "Yalla fito, ya waladi, ka cika tsoro." Ko sunana ba ta tambaya ba. Aikin Hajjina na farko da ƙafa na ƙarasa shi ta bayan duwatsu don kauce wa shingen askarawa, tare da wasu mutanen Nijar, kuma Allah Ya nufa na sauke nawa. Saura na Inna, wata goma sha biyu a gaba.

Cikin mutanen Nijar ɗin nan akwai Haruna, ɗan Damagaram, direban wata warsha ta kafintoci a unguwar Kurayyat. Shi ya ce dako zai kashe ni ko ya kai ni hannun hukuma, sai ya kai ni wurin mai warshar, wani Balarabe da ake kira Abu Nasir. Abu Nasir ya dube ni sama da ƙasa, ya matsa damtsena kamar mai sayen rago, ya ce in fara gobe. Bai tambayi takarda ba, ni ma ban ɗago zancen ba. Aikina gogar katako da sanfefa da share garin zarto, kwana kuma a wani ɗaki bayan injuna.

Ma'aikatan warshar kusan duk 'yan Indiya ne daga gaɓar teku ta kudu, waɗanda ake ce wa 'yan Malbari. Musulmi ne, baƙaƙe kamarmu, suna ɗaura zani su naɗe shi zuwa gwiwa. Da farko na raina su, don in suna magana sai ka ce an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, kuma ba ka gane e ɗinsu daga a'a saboda yadda suke kaɗa kai. Babbansu wani dattijo ne gajere mai furfura har cikin kunne, sunansa Maidu. Ni na laƙa masa Baba, ya kuwa karɓa.

Baba Maidu masassaƙi ne. Ya ce kakanninsa su ne masu sassaƙa ƙofofin masallatai da mumbari da gaban jiragen ruwa a garinsu. Ban taɓa ganin ya zana komai a kan katako ba. Sai ya shafa shi da babban yatsa, ya shafa, ya rufe ido kamar mai jin zazzaɓin yaro, sannan ya ɗauki kurfi. Kafin azahar ka ga ganye ya fito, ya naɗe, ya haifi wani ganyen, fure ya buɗe a tsakiya. Ranar farko da aka ba ni aikinsa in goge, na dage da ƙarfina na mayar da shi sumul. Ya zo ya gani, ya dafe kai ya yi ta surfa mini faɗa da yarensu. Ashe kaifin bakin ganyen nan da na cinye shi ne aikin. Da ya huce sai ya kama yatsana ya bi da shi kan wani furen, a hankali, yana cewa da Larabcinmu na 'yan aiki, "Shuwayya shuwayya, Sale. Katako yana da rai." Daga ranar ya riƙa kirana cin abinci, a nan ne ma na ba shi labarin Inna da alkawarin da na yi mata. Shinkafa ce da kifi da kwakwa da barkonon da sai ka yi hawaye, ni da nake taƙama mu ne masu cin yaji.

Wata Juma'a bayan la'asar ina wankin kayana sai na ji ƙas, ƙas-ƙas, ƙas, daga filin da ke bayan warsha inda ake jibge katako. Wallahi kafin in san me ake ciki ƙafata ta fara motsi. Mu a ƙauyenmu 'yan takkai ne. Tun ina ɗan shekara tara nake cikin da'ira da sandata, ka juya ka haɗa da na bayanka, ka juyo ka haɗa da na gabanka, ganga na tashi, akayau na kuka a ƙafa. Na bar wankin na leƙa. Ga 'yan Malbari a da'ira, kowa da gajerun sanduna biyu, suna waƙa suna zagawa, su sunkuya, su miƙe, su shige tsakanin juna su fito, sanduna na haɗuwa ba kuskure. Baba Maidu na tsakiya da wasu 'yan ƙananan ƙarafa a hannu yana kaɗawa yana ba da umarni. Na tsaya da kumfar sabulu a hannu, hawaye na zubo mini, ni ƙato. Shekara guda ke nan ban ji wani abu ya yi kama da gida ba.

Suna ce wa wasan kolkali. Baba Maidu ya gaje shi wurin kawunsa, kuma shi ya fiƙe sandunan da hannunsa. Matsalarsu ɗaya, su goma sha ɗaya ne. Wani ya tafi hutu bai dawo ba, wasan kuma bibbiyu ake yin sa, don haka kullum sai mutum ɗaya ya zauna, da'irar ta ragu zuwa goma. Baba ya ce goma ba ta cika ido. Da ya ga yadda ƙafata ke bin kiɗan, sai ya miƙo mini sanduna biyu.

Na ɗauka abin wasa ne, ai ni ɗan gado ne. Ashe ba haka ba. Mu sanda ɗaya muke riƙewa, doguwa, ka ɗaga ta sama da kai ka sauke da dukkan kafaɗa, abokinka ya tare da tasa a sama, a ji ƙarar har bayan gari. Su kuwa daga wuyan hannu suke bugawa, a daidai ƙirji, kusa da yatsun juna, kuma inda jikina ke son juyawa dama su hagu suke yi. Wani matashi cikinsu, Bashir, ya ce ina dukan sanda kamar mai kashe maciji, suka yi ta dariya. Na ce masa su kuma suna yi kamar mata na tsince shinkafa. Haruna ya fassara masa da ƙari, aka sake fashewa. Wata biyar muna yi duk Juma'a. Baba Maidu kan zo ta bayana ya danne kafaɗata da tafin hannu ya ce, "Wannan ta yi barci. Hannu kawai." Na iya waƙar ma, ko da yake ban san me nake faɗa ba, sai dai ya ce mini yabon Annabi ne.

Aka sa ranar wasa babba, washegarin ƙaramar Sallah, a filin nan, ƙofa a rufe, don garin ba a son taron kiɗa a fili. Saura wata biyu da 'yan kwanaki a hau Arfa. 'Yan Malbari suka zo daga ko'ina cikin Jidda da fararen zannuwa, masu shayi da teloli da direbobi, har kan tulin katako an zauna. Da aka zo jeri sai Bashir ya noƙe, ya ce shi ba zai tsaya kusa da ni ba in wasa ya yi zafi. Sauran ma suka yi ta kallon ƙasa. Raina ya ɓaci, na ce a bar shi, na fasa. Baba Maidu ya fito daga tsakiya. Ya miƙa wa wani dattijo ƙarafan, ya sa mutum ɗaya ya zauna, ya ɗauki sanduna ya shigo da'ira ya tsaya a gabana.

Aka fara a hankali. Na kiyaye, ina ƙirga taku a zuciyata, kafaɗa na barci. Waƙa ta hau, da'ira ta matse ta buɗe, masu kallo suka fara tafi. Shi wannan wasa haka yake, yana ƙara sauri yana ƙarawa har sai ƙarar sanduna ta zama ɗaya. To a nan ne na daina ƙirgawa. Daɗi ya ɗebe ni. Na ji kamar a dandalinmu nake ranar Sallah, har ina jin ƙanshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Aka zo juyi, kowa ya yi hagu, ni jikina ya yi dama, hannuna ya tashi sama da kaina ya sauko da duk ƙarfin ɗan dako. A takkai da sanda ce za ta tare ni a can sama. A nan babu komai sai hannun daman Baba Maidu da ya miƙo a daidai ƙirji.

Ƙarar da na ji ba ta katako ba ce. Bai yi ihu ba, ya dai durƙusa ya rungume hannun. Babban yatsa da manuni duk sun karye, manunin har ya juya. Aka kai shi asibiti a motar Haruna, ya ce musu katako ne ya faɗo masa. Likita ya ɗaure, ya ce ko ya warke da wuya ya sake riƙe kurfi kamar da.

A lokacin akwai wata ƙofa mai ganye biyu da ake yi wa wani babban mutum da ke gina gida a unguwar Safa, nan cikin Jidda. Ganye ɗaya ya ƙare, ɗayan an kai rabi, kuma duk Jidda Abu Nasir bai san wanda zai iya ƙarasa ta ta dace da 'yar'uwarta ba. Da ya dawo daga hutun Sallah ya ji labari, ya jera mu a rana kamar 'yan fursuna. Wani ya riga ya tsegunta masa cewa wasan sanda aka yi, amma ba a faɗa masa wa ya yi dukan ba. Ya yi rantsuwa cewa duk wanda ya yi, da motarsa zai kai shi jawazat. Yana maganar yana kallona.

Baba Maidu ya ce, "Ni ne. Ni na bugi kaina."

Abu Nasir ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce, "Ya Maidu, shekara tara kana tare da ni, yau za ka mai da ni yaro? Ka ba ni suna, in bar ka kana duba aikin yara ko hannun bai warke ba. Ka ƙi, in buga maka huruj ka koma ƙasarku. Kwana uku."

Huruj shi ne fita ba dawowa. Na san 'ya'yansa mata huɗu ne, da matarsa, da ƙanwarsa da mijinta ya rasu a teku, duk daga wannan hannun suke ci.

Washegari bayan sallar asuba na same shi a ɗakinsa yana fama da kofin shayi da hannun hagu. Na durƙusa na ce, "Baba, zan je in faɗa."

Ya ce, "Uskut, yi shiru. Zauna."

Na ce, "Ni na yi. Kowa ya gani."

Ya ce, "Wa ya sa ka a da'ira?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Tun Juma'ar da ta wuce na ga kafaɗarka tana farkawa in an yi sauri. Na san ba ka nuna ba. Bashir ya fi ni gaskiya. Amma na so mutanenmu su ga sha biyu, na so a ce Maidu ya koya wa ɗan Afirka kolkali. A wurinmu, in ɗalibi ya yi kuskure a gaban jama'a, malaminsa ake tambaya. Kawuna haka ya yi mini, ba zan canza a Jidda ba."

Na ce, "To yaranka fa?"

Ya ajiye kofin shayin. Sannan ya ce, "Wata nawa ya rage ka yi wa ummi Hajjinta?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "Ni na yi Hajji sau uku. Uwata ta mutu ban yi mata ba, ina cewa baɗi. Tashi ka je ka yi shara."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya. Da na fito daga ɗakin nan, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na ce alhamdu lillahi a ɓoye. Na je da niyyar faɗa, gaskiya ne, amma can ƙasan zuciyata ina fatan ya hana ni, kuma da ya hana ban yi gardama ta biyu ba.

Rana ta uku aka sake jera mu. Abu Nasir ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sun ga abin da idonsu, ba wanda ya ko waiwaye ni, don Baba ya riga ya gargaɗe su. Da ya iso kaina ya tsaya, ya kira ni da sunan da suke kiran mu 'yan Afirka ta Yamma, ya ce, "Kai fa, ya Takaruni? Ba ka ga komai ba?" Bakina ya buɗe. Na dubi garin zarton da ke tsakanin yatsun ƙafata, na ce, "Ban gani ba." Bashir ya tofar da yawu a gefe. Har na bar warshar bai sake yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Cikin sati biyu aka gama wa Baba Maidu takardu. Ban iya raka shi filin jirgi ba, mara takarda ba ya zuwa can. A bakin ƙofar warsha muka yi sallama. Ya sa aka rubuta mini adireshinsa da rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi, ya dafa kafaɗata da hannun hagu, ya shiga motar Haruna. Ba a sake wasan Juma'a ba. Ƙofar Safa kuwa wani aka kawo ya ƙarasa ta, duk wanda ya san aiki ya kalle ta zai ga ganye biyun ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Na hau Arfa a shekarar. Na yi niyya da sunan Inna, na tsaya tun daga zawali har rana ta faɗi, na roƙa mata duk abin da ta lissafa mini. Bayan an sauko na kai kaina inda ake kwasar marasa takardu. Na yi sati uku a tarhil, gidan da ake tsare mutane kafin a mayar da su, kuma a cikin turmutsutsun wurin jakata ta ɓace da takardar adireshin a ciki.

Na isa gida da rana tsaka. Mata suka cika gidan da guɗa, aka yi ta shigowa barka. Inna ta sa aka jingina ta da bango, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka tana sa mini albarka. Sai da mutane suka watse bayan la'asar, ya rage daga ni sai ita, ta ce in ba ta labari tun daga farko, kada in tsallake komai. Na so in tsallake. Amma ban taɓa iya yi mata ƙarya tana kallona ba, sai na faɗa mata duka, har da daɗin da na ji a bakin ɗakinsa, har da "ban gani ba."

Ta saki hannuna ta gyara zanenta.

Ta ce, "Sale, da ni ka tambaya, da na ce ka faɗa. Ni Allah Ya riga Ya ɗauke mini, ba Ya bin gurguwa Arfa. Su yaran nan mata huɗu wa ya ɗauke musu?"



Ta ƙara da cewa, "Maimaita mini sunan."

Na ce, "Maidu."

Ta faɗa sau biyu a hankali don ya zauna mata. Sannan ta ce, "Hannun ya warke?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Shekara huɗu ta ƙara a duniya. Duk wanda ya dawo daga Makka ya shigo gaishe ta, sai ta tambaye shi ko ya ga wani Ba'indiye gajere mai karyayyun yatsu, su yi ta kallona suna neman bayani. Ni ma na tambaya, na aika saƙo wurin Haruna sau biyu, ba amsa. Yanzu na girmi Baba Maidu na wancan lokacin, kuma har yau ban sani ba.